Kurungun Legas

Yahuza direban tirela ne, tsakanin Birnin Kudu da Legas. A Legas ɗin ya hango wani kifin teku mai zane-zane, bakinsa ruwan ɗorawa, ya ji ba zai iya tahowa ya bar shi ba. Ya sayo shi da akwatin gilashi da buhun gishirin teku, ya kafa a falo, har da sola saboda injin iska. Unguwa ta cika gidan. Kifin kuwa gwanin iyayi ne. Ya feso wa mutum ruwa a fuska, ya tauna katantanwa ƙaras-ƙaras, ya juya ido ɗaya ya bar ɗaya yana kallonka. Bakin Yahuza ya ƙi rufuwa don daɗi.

Mahaifiyarsa, Inna Mairama, da ta zo daga Gwaram, kallo ɗaya ta yi ta taɓe baki.

"Marigayi babanka shekara arba'in yana su, ban taɓa ganin ya ciyar da kifi ba. Kifi ke ciyar da mu."

Tun yana saurayi Yahuza ya tsere tasha saboda kunyar ƙarnin kifi, kuma dukansu sun san haka.

Ranar Laraba da hantsi gilashin ya tsage. Ruwa ya dinga tsiyaya a kan tabarma. Yahuza ya haɗa ruwan gishiri a babbar roba, ya kai hannu zai kamo kifin. Kifin ya yi wuf ya shige kogon dutsen da aka manna a gindin akwatin, ya miƙar da ƙayar bayansa ya tokare. Yahuza ya ja wutsiya, ko motsi. Sai wani gurnani da kifin yake yi, ruwa kuma saura kamu ɗaya.

"Inna, zai mutu! In na ja da ƙarfi zan karya shi!"

Tsohuwa ta kasa kunne. Idonta ya yi haske.

"Kai, wannan ai kukan kurungu ne! Matsa can."

Ta naɗe hannun riga ta tsoma hannu.

"Inna, haƙoransa na fasa dutse!"

"Ta baya nake bi, ba ta baki ba. Kurungun koginmu ma haka yake ƙame ƙaya. Babanka ba ya karyawa, lalubawa yake har ta saki."

Ta bi bayan kifin da yatsa a hankali, tana tsaki. Can ta ce, "Yauwa, ga wata 'yar ƙarama a bayan babbar." Ta danna ta. Nan take babbar ƙayar ta kwanta, kifin ya sulalo cikin tafinta, ta jefa shi a roba. Ya zagaya sau biyu, ya ɗago ya fesa mata ruwa a goshi.

Yahuza ya buga kabbara har maƙwabta suka leƙo. Yana dariya, hawaye na zuba, ya durƙusa gabanta a kan jiƙaƙƙiyar tabarma.

"Inna, ban taɓa tsayawa Baba ya koya mini komai ba. Ki nuna mini yadda yake yi."

Ta goge goshi da bakin zani.

"Gobe ka sayo kurungu a kasuwa, in kama yatsanka in nuna maka. Amma shi na kasuwar kam miya za mu yi da shi."