Salansar Abednego

Mama ba ta sa hannu a abinci sai ta ji Abednego ya shigo gida. Abednego kuwa yana kwance a maƙabarta a Kafanchan tun daminar bara. To, ka ji irin zaman da muke yi a Masaka, ni Patricia, da uwata, da ƙanena Godfrey.

Abednego yayanmu ne, acaba yake yi tsakanin Masaka da Mararaba. Ba titi ne ya kashe shi ba, duk da shi Mama ta yi shekaru tana tsoro. Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi, ya tafi da shi. Ita kuma Mama ciwon suga ya riga ya cinye mata idanu, tsufa ya fara taɓa mata tunani. Da ita aka je jana'iza, da hannunta ta shafa akwatin. Amma muna dawowa Masaka sai ga ta tana tambaya, "Patricia, yaron nan bai dawo ba har yanzu?" Na zauna na faɗa mata. Ta zube ƙasa tana ihu kamar yau ta fara ji. Washegari ta sake tambaya, na sake faɗa, ta sake zubewa. Daga nan na ce na daina. Fasto ya zo gaisuwa ya ce ɓoye mata ba kyau. Na ce, "Fasto, to kai ka riƙa zuwa kana kashe mata ɗa kullum da safe, ni dai na gaji."

Babbar matsalar abinci ce. Tun Abednego na da rai, ba ta cin na yamma sai ta ji ƙarar mashin ɗinsa a ƙofar gida. Cewa take hanyar Keffi ta cinye 'ya'yan mutane da yawa, ita ba za ta iya haɗiye loma ɗanta na kan titi ba. In ta ji shi sai ta ce, "An gode Ubangiji," ta wanke hannu. Ba ta ma neman ya zo gabanta, ta san ɗakinsa na baya zai wuce ya yi wanka. Ƙarar kawai take jira. Da ya rasu ƙarar ta ɗauke, Mama ta rufe baki. Mai ciwon suga kuwa ba ya shan magani da yunwa. Ina kallo zanenta ya fara yi mata yawa.

Ana cikin haka Godfrey, da ya gama difiloma yana zaman jiran aiki, ya fito da mashin ɗin ya fara acaba, don abincin da nake sayarwa a bakin kasuwar Masaka ba zai riƙe gida shi kaɗai ba. Yammar farko da ya dawo, ya tsaya a ƙofa ya murɗa totur kafin ya kashe, yadda ya saba ganin Abednego yana yi. Ina tsakar gida ina kwashe shanya sai na ji muryar Mama daga ɗaki.

"An gode Ubangiji. Patricia, kawo min ruwan wanke hannu."

Kayan shanyar suka zube daga hannuna. Ranar ta cinye gwatenta tas, har ta nemi ƙari. Ni da Godfrey muka kalli juna, kuma haka muka ci gaba. Mama ta murmure, har zanenta ya dawo yana zama a ƙugu.

Ita salansar mashin ɗin ta daɗe da fashewa. Wani rami ne ya fasa ta tun zamanin Abednego, shi kuma da rowarsa ya yanka gwangwanin madara ya naɗe wurin da waya. Tun daga nan mashin ɗin ya daina ƙara irin ta sauran, wani kakari yake yi haɗe da kaɗawar gwangwani, ga baƙin hayaƙi. 'Yan acaba a tasha suka sa wa Godfrey suna mai injin niƙa. Matan da ke sauri su kama motar Wuse su tafi ofis, da sun hango hayaƙin sai su wuce shi su hau na gaba, kada kayansu su yi wari. Rannan gwangwanin ya zame ya ƙona wata mata a ƙafa, ta tara masa jama'a, ta zage shi tas har da iyayensa.

Daga wurin bai zame ko'ina ba sai rumfar Malam Badamasi, wani bakaniken babura mutumin Zariya a Mararaba. Daga baya ne Godfrey ya ba ni labarin yadda aka yi. Notunan tsohuwar salansar sun yi tsatsa sun ƙi kuntuwa, sai da aka jiƙa su da baƙin mai aka haɗa da guduma. Sabuwar ba ta kamfanin mashin ɗin ba ce, irin wadda samari ke yayi ce, mai sheƙi har kana ganin fuskarka. Ramin notinta ma bai zo daidai ba, sai da mai walda na gefe ya ƙara mata ɗan ƙarfe kafin ta zauna. Aka ɗaure, aka tayar, ƙara ta fito mai kauri, sumul, babu kakari babu hayaƙi. Tsohuwar kuwa Malam Badamasi ya wurga ta kan tsibin ƙarafa a bayan rumfa, inda ake wurga duk abin da aka cire.

Da yamma sai ga shi ya dawo yana fara'a. Ya tsaya a ƙofa ya murɗa totur. Shiru daga ɗakin Mama. Ya sake murɗawa.

"Patricia," in ji Mama daga ɗaki, "wane marar kunya ne yake mana ihu a ƙofar gida? Ki ce masa akwai marar lafiya a ciki."

Na fita da sauri. Abin da na fara gani shi ne sheƙin nan a gefen tayar baya.

"Godfrey, me ka yi?"

"Anti, salansa kawai na canza. Ai murɗawar take ji, ga shi kuma na murɗa."

"Murɗawar ƙaniyarka! Duk mashinan da ke Masaka akwai wanda ba a murɗa masa totur?"

Ashe shi duk watannin nan ya ɗauka hannunsa ne ke ciyar da Mama, bai san gwangwanin madara ba ne. Na so in kwaɗa masa mari, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Tausayinsa ya kama ni, haushin kuma bai sake ni ba.

Mama ba ta ci ba. Da safe ma ta ture shayi, wai yaron nan bai kwana a gida ba, ita ina za ta kai shayi. Abin takaici, matar da ke mantawa ko ta yi wanka, wannan ta riƙe shi gam.

Na bar ta da maƙwabciya, na hau bayan Godfrey muka kutsa cikin gosulon Mararaba. Muka tarar da Malam Badamasi a tsugune yana kunce wata taya, dattijo ne siriri, gemunsa ya fara fari.

"Malam, tsohuwar salansar jiya muke so," na ce, ko gaisuwar kirki ban yi ba.

Ya ɗago yana dariya. "Madam, wannan gawar? Sabuwar ce ta ba da matsala?"

"Ba ta ba da matsala ba. Tsohuwar dai."

Ya nuna bayan rumfa da sifana. Wurin fayau, sai tabon baƙin mai a ƙasa. Ya ce 'yan gwangwan sun kwashe tsibin tun jiya da la'asar, kullum haka suke yi, duk abin da mai mashin bai ce a ba shi ba ya zama nasu. Nan na zauna a kan wata tsohuwar taya na kwashe labarin duka na faɗa masa, a gaban mai walda da kowa. Ban damu da wanda ke ji ba.

Ya ajiye sifanar. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kai kuwa Godfrey, da ka faɗa min ai da na miƙa maka abinka a hannu."

Da kansa ya kai mu pantekar da 'yan gwangwan ke tara kaya. Mai wurin ya ce tirela ta yi lodi ta tafi tun da sassafe, can inda ake narka ƙarfe. Duk da haka muka hau tona abin da ya rage. Na yanke a hannu, zanena ya yi baƙi. Matattun salansa kam mun gani har mun gaji, amma babu mai gwangwanin madara.

A hanyar komawa rumfa Malam Badamasi ya ce, "Kada ku karaya tukuna. Ƙara ai yin ta ake yi. Ku faɗa min yadda take, in gwada."

Godfrey ya kwaikwaya da baki. Na ce ba haka ba ce, na yi tawa. Ya ce tawa ta janareta ce. Muka tsaya a bakin titi muna gardama, manya da mu, kowa na gurnani da baki, masu wucewa suna kallo. Can sai tsoro ya kama ni. Shekaru muna jin ƙarar nan safe da yamma, ashe babu wanda ya riƙe ta a cikinmu. Mutum ɗaya ce ta san ta, ita ce kuma ba za mu iya tambaya ba.

"To mu je inda take," in ji Malam Badamasi. "Ita za ta faɗa mana in mun dace."

Mutumin nan ya rufe rumfarsa da rana tsaka, ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya biyo mu Masaka. A ƙofar gidanmu ya tsuguna, ya ɗora ƙusa a kan sabuwar salansar ya ɗaga guduma. Godfrey ya kawar da kai. Aka huda ta, aka yanka gwangwanin madara aka naɗe da waya. Godfrey ya tura mashin ɗin zuwa kwanar layi, ya tayar, ya taho kamar yanzu ya dawo daga aiki. Ni kuma ina zaune a gefen Mama da kwanon gwate a cinya, na zuba wa fuskarta ido.

Ko motsi ba ta yi ba.

Na leƙa na girgiza kai. Malam Badamasi ya faɗaɗa hujin. Aka sake, babu. Ya sassauta wayar don gwangwanin ya riƙa kaɗawa. Ya kunce salansar gaba ɗaya, ya zaro abin da ke tare ƙara a cikinta, ya mayar ya ɗaure. Maƙwabta suka fito suka yi cirko-cirko, babu mai dariya, don kowa a layin ya san abin da ake ciki. Godfrey ya yi ta zuwa kwana yana dawowa, gumi ya jiƙa masa riga. Gwaten ya huce na ɗumama, ya sake hucewa.

Wajen la'asar sakaliya, a wani zuwan, sai Mama ta ɗaga kai daga filo. Ta karkata kunne wajen ƙofa. Na shiga cewa Yesu, Yesu a zuci. Ta saurara har Godfrey ya murɗa ya kashe.

"Kai," ta ce a hankali, "wannan ya so ya yi kama da na Abednego. Allah sarki, ko ɗan waye."

Ta mayar da kanta kan filo.

Na fito. Malam Badamasi ya kalle ni, bai ma tambaya ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Madam, gaskiya zan faɗa miki. Waccan tsatsar shekaru ce ta ba ta muryarta. Wannan sabon ƙarfe ne, ko raga na mayar da ita ba za ta yi ba. In kin ce in ci gaba, zan ci gaba."

Ban kai ga ba shi amsa ba na ji Mama tana kirana. Na koma na durƙusa a gefenta.

"Patricia, yaran da ke wasa da mashin a ƙofar gidan nan tun ɗazu, ki roƙe su don Allah su bari."

"Sun dame ki, Mama?"

"Ba damuwa ba ce. Kada ya zo ban ji ba." Ta laluba ta taɓa bakin kwanon ta ture shi wajena. "Rufe min wannan. In ya shigo zan ci."

Na rufe. Na fita na ce wa Godfrey ya bari haka. Malam Badamasi ya tattara kayansa cikin jaka, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya ce, "Sannu Mama, Allah ya ba da lafiya." Ta amsa masa da amin, ta tambaye shi ko ya ga ɗanta a hanya, wani dogo mai mashin. Dattijon nan ya juya ya fita yana goge fuska da hularsa.

Mun kai ta asibiti an yi mata ƙarin ruwa, mun dawo da ita. Ruwa take kurɓa, wani lokaci kunu cokali kaɗan in na yi ta magiya. Zanenta ya sake yi mata yawa. Na san inda abin nan zai ƙare, Godfrey ma ya sani, ba ma dai maganar.

Salansar na nan a jikin mashin ɗin da hujinta da gwangwaninta, matan ofis sun koma wuce shi. In ya dawo da yamma, tun daga kwanar layi yake kashe injin, ya sauka ya turo mashin ɗin da hannu har cikin gida, don kada ya hana ta ji.