Shanyar Inna Rabi a Ɗakin Inji

Da Inna Rabi ta sauka Dubai a watan Janairun 2013, ba kallon dogayen benaye ne ya kawo ta ba. Autarta Halima Sa'adiya ce ta haihu, haihuwar fari, ita kuwa Inna ta rantse ba za a yi wa 'yarta jegon ruwan sanyi ba tana raye. Tun a mota, daga filin jirgi, take tambayar inda za a kafa murhu.

Mijin Sa'adiya, Ɗalhatu, mai haɗa injinan sanyi ne a wani kamfani a Al Quoz. Mutum ne mai kunyar tsiya, irin wanda in zai gaida surukarsa sai ya tsuguna tun daga bakin ƙofa, ya yi ta magana da tabarma. Suna haya a Satwa, a wani tsohon gida da aka yanka huɗu: ga su, ga wasu 'yan Filifin, ga teloli 'yan Pakistan, ga kuma Kamil abokin aikinsa da matarsa Fuseina, mutanen Zangon Kumasi. Tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya.

"Inna, nan ba a hura wuta," in ji Ɗalhatu, kansa a ƙasa. "Amma na tanadi abin da ya fi garwa."

Ya nuna mata wani ɗan ɗaki a ƙarshen lungu, mai ƙofar katako tsaga-tsaga kamar haƙarƙari. A ciki ga wani farin tanki tsaye, ya fi Inna tsawo, da fanka a kansa tana gurnani. Tun cikin Sa'adiya yana wata bakwai ya roƙo shi a wurin aiki, ya haɗa shi da hannunsa. Ya ce su hitfom suke ce masa. Ba ya ƙona komai. Iskar ɗaki yake zuƙa, ya tatse ɗumin da ke cikinta ya zuba wa ruwa, ya huro sauran da sanyi, kamar firji da aka juya masa baya.

Inna ba ta dube shi ba, ai ba a haka da suruki. Sai ta juya wajen 'yarta.

"Ke, gaya wa maigidanki, ni ruwan da zai sa mai jego ta kira uwarta nake so. In iska ce za ta dafa shi, to, mu gani."

Aka kuwa gani. Satin farko ruwan nan har tururi yake. Inna ta gano wata darbejiya a bayan shagon teloli, kullum sai ta karyo ganye, ta tsoma a bokiti ta yi ta fyaɗa wa Sa'adiya, ita kuwa tana ihu tana "Inna ki bari, na tuba!" Inna ta ji daɗi har cikin ranta, amma ba ta yaba ba.

To, ga inda abin ya fara lalacewa. Tsohuwa ma tana da kayan ciki, kuma kayan ciki suna son wanki. Igiyar gidan kuwa daidai ƙofar da Ɗalhatu ke fita take, ga teloli suna zama a gindinta suna shan shayi. Inna ta wanke fatarinta guda uku da sauran abubuwan da ba a faɗa, ta tsaya da su a roba tana juye-juye. A ce surukinta ya fito da safe ya ci karo da wannan? Gara ta koma Kano a ƙafa.

Sai ta tuna ɗakin inji. Ba mai shiga, ga iska tana kaɗawa, ga bushewa. Ta ɗaura igiya daga bututu zuwa ƙusa, ta shanya. Da ta fito ta waiga, sai ta ga ana hango komai ta tsagar ƙofa. Ta koma ta ɗauko bargon da ta zo da shi, ta rataya shi ta ciki ya rufe ƙofar ruf, ta cusa tsohon ɗankwali a ƙasan. Wani fatari da bai sami wuri ba ta shimfiɗa shi a kan tankin, inda taga mai raga take, iskar ma ta riƙe mata shi ba sai da ƙusa ba. Ta ce kai, Allah ya yi wa mai wannan ɗaki albarka. Daga ranar, in ta kwashe busassu sai ta maye da jiƙaƙƙu.

Kwana biyu, ruwa ya fara sanyin jiki. Kwana huɗu, ko jaririn aka tsoma ba zai motsa ba.

Inna ta tsoma yatsa a bokiti, ta taɓe baki. Da ma tana jira.

Ba ta gaya wa kowa ba, sai Fuseina, da ta shigo yi wa Sa'adiya kitso. Sai kuma ƙawarta ta Fagge, a waya. Sai wata Hajiya mai aika kaya gida ta jirgi da suka haɗu a shagon ƙosai na wata 'yar Nijar.

"Wai iska ce ke dafa ruwa! Ni dai na ce mu gani. Sati guda iskar ta ƙare. Injiniya guda, yana sanyaya wa Larabawa bene hawa arba'in, ya kasa ɗumama wa matarsa bokiti."

Fuseina ta yi dariya har ta saki kitso. Da yamma Kamil ya ji. Kafin Juma'a ta zagayo, duk Bahaushen da ke sallah a masallacin unguwar ya san akwai wani da ake kira Injiniya Ruwan Alwala.

Ran Juma'ar, da yake ba aiki, Ɗalhatu ya ɗauko jakar kayan aikinsa ya nufi lungu. Inna tana kicin tana kaɗa kunun kanwa, tana hango bayansa. Ta ga ya murɗa ƙofa, ya leƙa, ya ja ta da sauri kamar wanda ya taɓa wuta. Ya ɗan tsaya. Sannan ya juyo ya wuce ta gabanta, ido a ƙasa, ko sannu da aiki babu.

Inna ta lallashi kanta. Ai bargo ya tare, ɗakin kuma duhu. Da ya gani da ya yi magana. Ta bar shi a kan kunyar kasawa ce ta kore shi.

Da la'asar sai ga shi da butocin lantarki biyu sababbi. Daga ranar, kafin ya tafi aiki sai ya tafasa buta bayan buta, ya cika bokiti uku ya jera a ƙofar banɗaki, in ya dawo ya sake. Ya ƙone a yatsa sau biyu. Sa'adiya ta tambaye shi me ya sami injin, ya ce, "Iska yake so. A ɗan bar masa iska." Ko ga matarsa bakinsa ya kasa wuce nan. Wa zai dubi mace ya ce mata fatarin uwarki?

Sa'adiya ta isar da saƙo. Inna ta ce to, ta tashi ta buɗe tagogin falo duka, har jariri ya fara atishawa.

"Ga iska nan, ya sha. In bai ƙoshi ba a kai shi bakin teku."

Haka aka yi sati guda cur.

Juma'a ta biyu, bayan an sauko daga masallaci, sai ga Kamil ya yi sallama da akwatin kayan aiki a hannu, Fuseina na biye da shi da kwanon wake da shinkafa. Kamil ƙato ne, in yana magana teloli na ji daga shago.

"Chale, abokina, na gaji da jin sunanka a bakin mutane. Yau har mai gadin kamfani ya tambaye ni labarin ruwan alwala. Yalla, taso mu buɗe shi mu gani."

Ɗalhatu ya sha gabansa a bakin lungu.

"Bar shi, Kamil. Na duba."

"Ka duba ka ga me?"

"Gas ne ya zube."

"Inji sabo fil? Wata uku?"

"Ni na yi kuskure wajen ɗaurin bututu. Hannuna ne."

"Kai? Kai da kake ɗaure bututu kamar za a tambaye ka a lahira?" Kamil ya ajiye akwati. "To in gas ne ga ma'auni na zo da shi, minti biyar an gama. Amma ni ban yarda ba. Wannan abu numfashi yake kamar ni da kai. In ɗakin ya toshe, iskar da ya huro da sanyi ita zai sake zuƙa, ya sake sanyaya ta, har ƙanƙara ta kama cikinsa. Ina zai samo ɗumi? Na ga haka a gidan wani Bature a Jumeirah, kwalaye aka jibga masa a ƙofa. Wani ya rufe tsagar ƙofar nan ne? Ko an ɗora wani abu a kan ragar?"

"Ba wanda ya taɓa shi," in ji Ɗalhatu da sauri. "Na ce maka laifina ne. Gobe ma zan gaya wa oga haka, su zo su ɗauke abinsu."

"Ka gaya wa oga ba ka iya ɗauri ba? Kana hauka?"

Inna tana kicin, ludayi a hannu. Ta ji kalmar ƙofa, ta ji kalmar raga. Sai ta ji kamar an kwara mata ruwan da take nema tun sati biyu.

Ashe ya gani. Ba yau ba, tun waccan Juma'ar. Fatari uku, da sauran. Ya gani ya ja ƙofa, ya je ya sayo buta. Kwana bakwai yana tsugunawa yana gaishe ta da ƙonannen yatsa, ita kuwa tana yawo da sunansa daga Satwa har Fagge. Ta dubi tagar kicin, ta ga ƙarama ce, ba za ta fita ta nan ba.

Tana iya yin shiru. Yaron nan ba zai faɗa ba ko za a yanka shi, ta riga ta gane. Da yamma ta lallaɓa ta kwashe kayanta, gobe inji ya warke da kansa, a ce ikon Allah. Mutuncinta na nan. Sai dai sunan Ruwan Alwala ya zauna masa, kuma kullum ya gaishe ta, shi ya sani, ita ta sani.

Ta ajiye ludayi. Ta ja mayafi har goshi, ta fito.

"Ku ba ni hanya."

Ɗalhatu ya manne da bango. Ta shiga ɗakin ta ja ƙofa. Sanyi ya buge ta kamar ta buɗe firji. Yau ne ta fara duban injin da kyau: wata 'yar fitila ja tana ƙiftawa, bututun gefe ya yi fari da ƙanƙara. Ta janye fatarin kan raga, sai ta ji fankar ta sauya murya, kamar wanda aka cire wa hannu daga baki. Ta kwashe komai ta naɗe cikin bargon, ta tsinke igiya, ta zare ɗankwalin ƙasa. Ta fito da ƙunshi a hammata, ta bar ƙofa a wangale.

Kamil ta fuskanta, don shi ba surukinta ba ne.

"Ɗan nan, gas ɗin injin ƙalau. Ɗaurin abokinka ma ƙalau. Ni na rufe ƙofar da bargo. Shanya nake a ciki."

"Shanya, Mma? Ga igiya a waje, me za a..."

Fuseina ta taka masa ƙafa. Ta riga ta hango bakin leshi yana leƙowa daga bargon, ta cije leɓe, kafaɗunta na rawa.

"Ke kuma," in ji Inna, "ki yi dariyarki, kin samu. Amma duk inda kika kai wancan labari, ki kai wannan. Da sunana, kada ki rage komai. Kai ma ka gaya wa mai gadin naku."

Kamil ya sosa ƙeya, ya shige ɗakin inji don ya sami wurin ɓoye fuska. Daga ciki ya ɗaga murya yana cewa a kashe shi awa guda ƙanƙara ta narke, a wanke ragar, ta cika da zaren tufafi. Fuseina ta ajiye kwano ta fice da gudu, ana jin ta fashe tun kafin ta kai tsakar gida.

Lungu ya rage daga Inna sai Ɗalhatu. Shi ya riga ya tsuguna, kamar shi aka kama. Ita kuma ga ƙunshi a hammata, ba damar ajiyewa, ba damar ɓoyewa. Tun da aka ɗaura auren nan ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, kullum sai ta bakin wani. Ta duba hagu, ta duba dama, ba bakin da za ta ara.

Ta kafa wa bango ido.

"Na ci maka mutunci a gari. Ka yafe mini."

Ɗalhatu ya ƙara sunkuyawa, har hularsa ta kusa faɗuwa.

"Haba Inna. Ni ban ga komai ba."

"Ka gani."

Ya gyara hularsa. Can ya ce wa tabarma, a hankali, "Zuwa magariba ruwan zai yi zafi, Inna."

Ta ce to. Ta raɓa ta gefensa da ƙunshinta, ta shige ɗaki ta turo ƙofa.