Kaset ɗin Nagase

Shekara goma sha biyar, duk wanda ke son jin yadda Rory Calder yake kaɗa fiyano a cikin gidansa, ta hannuna yake ji. Duniya ta san shi da jita da ihu a manyan filaye, amma shekara biyu kafin ya mutu ya riƙa zama shi kaɗai a ɗakinsa a Landan, ya ɗora ƙaramar rikoda a kan fiyano yana gwada sababbin waƙoƙi. Kamfaninsa bai taɓa fitar da su ba. Wani ya kwafa ya ba wani, wannan ya ba wani, har kwafi na shida ya iso mini ta gidan waya a 1981, daga wani mutumin Hamburg da muka yi musaya. Waƙa tara ce, da shuu a bayansu kamar ana ruwa a kan rufi.

Mu goma sha biyu ne a ƙungiyarmu ta masu tara kaset ɗinsa. Muna haɗuwa da rana, Lahadin farko ta kowane wata, a saman wani shagon kofi a unguwar Shinjuku ta birnin Tokyo. A wurinmu ba a sayar da kaset, musaya ake yi, kuma kowane kaset da sunan wanda ya shigo da shi ƙasar ake kiransa. Saboda haka daga Sapporo har Fukuoka "kaset ɗin Kuramochi" ake cewa, wato nawa.

Da yake koyar da fiyano ce sana'ata, sai na zauna na rubuta kiɗan a takarda, sauti bayan sauti. Shekara biyu na yi ina wannan aiki. A nan na lura cewa duk waƙoƙin tara a kan baƙaƙen maɓallai suka fi zama, inda masu koyo ke gudu. Na rubuta maƙala a 'yar mujallarmu, na ce mutum ne da baƙin ciki ya kora daga fararen maɓallai zuwa baƙaƙe. Har Jamusawa sun fassara ta. Tun daga lokacin, duk kaset ɗin da ya shigo ƙungiya ba a karɓarsa sai na saurara na ce yana da kyau.

Nagase Rie ɗalibata ce ta ranar Talata. Ta fara koyo tana da shekara arba'in, tana aiki a ofishin wani kamfanin jirgin sama, kuma hannunta na hagu kullum yana bayan na dama. Ni na fara sa mata Calder, ni na kai ta ƙungiya.

Wata Talata ta shigo ba ta buɗe littafinta ba. Ta ajiye wani abu a naɗe cikin ƙyalle a kan murfin fiyano.

"Sensei," ta ce, wato malama, "kada ki yi mini dariya. Na yi wani abu a Landan."

"Kin sake sayen hula?"

"Kaset ne." Ta kwance ƙyallen da yatsu biyu. "Mutumin da yake gyara wa Calder fiyano ya rasu bara. Shekara uku ina rubuta wa 'yarsa wasiƙa. Daga rikodar Calder aka kwafa wa babanta, ita kuma ta kwafa mini. Kwafi na biyu ne."

"Me kika ba ta?"

"Takardar shirin wasansa na Tokyo. Wadda kika ba ni."

Na tuna takardar. Na ba ta ita ranar da ta iya kaɗa waƙarta ta farko ba tare da tsayawa ba.

"Kin yi dabara," na ce.

"Ki saurara kafin Lahadi, don Allah. In kin ce ba shi da kyau, ba zan kai shi ba."

Muka yi darasi. Na gyara mata hannun hagu sau goma sha ɗaya, na ƙirga.

Tana fita na sa kaset ɗin. Babu ruwan sama a bayansa. Ana jin kujera tana ƙara in ya gyara zama, ana jin numfashinsa kafin ya fara, ana jin cokali a cikin kofi. A waƙa ta huɗu akwai inda na yi shekaru ina zaton ya yi shiru ne, ashe dariya yake yi ƙasa-ƙasa don ya taɓa maɓallin da ba shi ba. Shekara goma sha biyar ina leƙen mutumin nan ta ramin ƙofa, ita kuma an buɗe mata an ba ta kujera.

Na ɗauko takarduna na zauna in bi shi a fiyano. Ina sa hannu sai sautin ya yi karo. Na sake. Duk waƙoƙin sun sauka ƙasa da maɓalli ɗaya, muryarsa ta fi kauri, tafiyar kiɗan ta fi natsuwa. Ɗaya daga cikin kaset biyun ba ya gudu daidai. Ko nawa ya yi sauri, ko nata ya yi nawa.

Ban ɓoye ba, daɗi na fara ji. Na ce tsohuwar rikodar Calder ce batirinta ya yi sanyi ranar da aka kwafa wa mai gyaran fiyano. Na tashi na dafa shayi da wannan tunanin.

A kicin ɗin ne na tsaya. Firij ɗina yana gunjinsa na kullum, kuma a cikin kaset ɗin, tsakanin waƙa da waƙa, akwai irin wannan gunji na wutar gidansa. Wutar Landan da ta Tokyo bugu ɗaya suke yi, saboda haka gunjinsu murya ɗaya ce, kuma wuta ba ta sauri don ran wani ya ɓaci. Na ɗauko rikoda na ajiye a gefen firij. Na sa na Rie, gunjin biyu suka haɗe har ba ka iya raba su. Na sa nawa, gunjinsa ya hau sama kaɗan, ya tsaya can yana rawa.

Na saukar da waƙa ta farko da maɓalli ɗaya na kaɗa. Fararen maɓallai ne kusan duka, irin abin da nake ba yara a wata na uku.

Kwana biyar suka rage. Ba kuskuren ne ya fi cin raina ba, kowa yana kuskure, abin da nake gaya wa ɗalibai ke nan kullum. Abin da ya tsaya mini shi ne Rie. Ba ta san bambancin ba. Da za a juya mata kaset ɗin sama ko ƙasa ba za ta ji ba. Tikitin jirgi take samu a araha, tana da haƙurin rubuta wasiƙa, shi ke nan. Na kama kaina ina lissafa kurakuranta ina wanke kwanuka. Ranar Alhamis na yi wa wata yarinya faɗa a kan abin da bai kai ba, har na kira uwarta da yamma na ba da haƙuri. Ranar Asabar Rie ta bugo waya, na ce ban gama saurare ba.

Ranar Lahadi kowa ya zo, har waɗanda ba su cika zuwa ba. Hirayama, shugabanmu, tsohon mai gyaran rediyo, ya hau da babbar rikodarsa mai maɓallin rage gudu da ƙarawa, yana haki.

"To, kotu ta zauna," ya ce yana jona waya. "Nagase-san tun daga tasha take zufa. Sensei, a yanke mata hukunci kafin ta narke."

"Hirayama-san, ka bar ni," in ji Rie. "Ko karyawa ban yi ba."

"Ci wainar nan. Ba a rataye mutum da yunwa."

Aka sa kaset. Ba wanda ya taɓa kofinsa har waƙa ta biyu ta ƙare. Hirayama ya tsayar, duka suka juyo wajena.

"Yana da tsabta ƙwarai," na ce. "Amma ya sauka ƙasa da namu da maɓalli ɗaya."

Babu ƙarya a cikin abin da na faɗa. Na dai tsaya a nan ne, na bar su su ƙarasa da kansu, kuma na san inda za su ƙarasa.

Rie ta miƙe ta sunkuya. "Ku gafarce ni. Na tara ku a kan kaset mai nawa. Ni kunnena bai kai ba."

"Zauna, zauna," in ji Hirayama. "Ba ciwon da ba shi da magani. Zan ƙara masa gudu har ya dace da rubutun Sensei, sai mu kwafa wa kowa. Tunda da nata muka daidaita shi, a rubuta kaset ɗin Kuramochi, gyararre. Nagase-san, ba ki damu ba ko?"

"Ni wace ce? Hakan ya fi."

Ta faɗa da zuciya ɗaya, wannan ma ya ƙara ba ni haushi.

Hirayama ya mayar da kaset baya, ya ɗora yatsa a kan maɓallin. "Sensei, ki ce mini tsaya in ya kai."

Ya kunna. Calder ya ja numfashi ya fara, da muryar mutum mai shekara arba'in da ɗoriya wanda ya gaji. Hirayama ya soma murɗawa a hankali. Muryar ta riƙa sirancewa, kirjin yana fita daga cikinta, hannuwansa suna gaggawar da bai yi ba. Nan da mako guda kwafi goma sha biyu za su fita daga ɗakin nan, nan da shekara ɗaya masu shagunan bayan fage za su buga shi a faifai, kuma ba wanda zai sake tambaya, tunda ni na ce tsaya.

"Ya kusa?" in ji Hirayama.

Ya kusa. Muryar da na sani ce take dawowa, wadda na so shekara goma sha biyar.

"Hirayama-san, mayar da shi inda yake."

"Na wuce ne?"

"Nata ne daidai. Nawa ne ya yi sauri."

Ya ɗauke hannunsa. Na yi musu bayanin gunjin wuta da firij, daki-daki, yadda zan yi wa aji. Na ce wani daga cikin mutum shida da suka kwafa kafin ya iso mini rikodarsa tana gaggawa, kuma tun Talata na sani. Wannan na ƙarshen ban so faɗa ba, amma in na bar shi sauran ba su da amfani.

Can Hirayama ya sosa ƙeya.

"Wato duk baƙin cikin nan na baƙaƙen maɓallai, wata rikoda ce a Hamburg take sauri za ta kama jirgin ƙasa?"

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari.

"Haka ne," na ce.

"Ni kuwa har kuka na yi da na karanta maƙalar," in ji Hirayama.

"Ni ma da na rubuta."

Rie ba ta yi dariya ba. Tana kallon kofinta, fuskarta ta yi ja. Ban san ko don ni take jin kunya ba, ko kuwa tana tuna wayar Asabar.

Da yake rubutuna ya fi na kowa kyau, ni ce mai rubuta katin da ake sa wa kowane kwafi. Hirayama ya turo mini katuna goma sha biyu da alƙalami ba tare da ya dube ni ba. Na rubuta sunan waƙoƙin, na rubuta "kwafi na uku", na rubuta "kaset ɗin Nagase" a saman kowanne. A na bakwai rubutun ya ɗan karkace, na yaga na sake.

A matattakala Rie ta cim mini.

"Sensei, darasin Talata yana nan?"

"Me zai hana?"

"Na ɗauka ko kina fushi da ni."

"Ba ki yi mini komai ba."

Da muka sauka ta juyo. "Da ba ki faɗa ba, ba zan taɓa sani ba."

"Na sani."

Muka bi layin shagunan faifai zuwa tasha, tana riƙe da jakarta da hannu biyu a ƙirji saboda turmutsutsu. Na so in ce mata ta yi ƙoƙari, shekara uku na wasiƙa ba wasa ba ne. Kalmar ta zo har bakina. Sai na ce ta riƙa ajiye kaset ɗin nesa da talabijin, kada ya lalace, ta ce to, muka rabu a bakin ƙofar tikiti.