Injin Garba da Hawan Ɗa'ifa

Garba direba ne a Makka, yana ɗaukar mutane da kayansu daga unguwar Shisha zuwa kusa da Harami. A Makkan aka haife shi, amma mahaifinsa Malam Yunus da ƙafa ya zo daga Gumel tun yana saurayi. Motar Garba tsohuwa ce, ya saye ta a hannun wani ɗan Jidda. Injinta silinda huɗu ne, sai dai manya, kowanne fistan ya kusa kai gwangwanin samna, wato man shanu. In ta tsaya a silo, inji na aiki ba ta tafiya, sitiyari rawa yake, madubi rawa yake, har haƙoran fasinja.

Garba ya saba da wannan, bai taɓa damun sa ba, sai a zafin shekarar da aka buɗe sabuwar hanyar dutse zuwa Ɗa'ifa. A shekarar Malam Yunus ya faɗi a bakin masallaci ya karye a ƙugu. Ƙashi ya ɗinke, amma zafin gari ya hana shi barci da cin abinci. Likita ya ce a kai shi Ɗa'ifa ya yi wata biyu a sanyi. Da Garba ya gwada shi a mota iyakar tsawon layinsu, sai tsohon ya damƙe kujera, gumi na keto masa.

Washegari da hantsi Garba ya nufi warsha, wato garejin Mailafiya, wani dattijon makanike Basakkwace, abokin mahaifinsa.

"Kawu, musanya ta zan yi," in ji Garba. "An nuna mini wata mai silinda shida, in an kunna ta ko motsi ba ka ji."

Mailafiya ya buɗe murfin injin, ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya daɗe yana saurare.

"Na san waccan motar, ni na gyara ta bara. Laushi gare ta, amma ta gaji, ba ta kai ku saman dutsen nan. Wannan taka ƙarfi gare ta. Rawar kuma halittarta ce. Fistan biyu na hawa, biyu na sauka, kamar mata huɗu a turmi ɗaya da manyan taɓare. Dole ƙasa ta amsa."

"To ba magani ke nan?"

"Ban iya raba ta da rawa. Amma ina iya hana rawar isa wurin Yunus. Bar mini ita kwana ukku."

Garba bai tafi ba, kwana ukun nan a warsha ya yi su. Suka ɗaga injin da sarƙa, sai ga robobin da yake zaune a kansu sun bushe sun tsage, ƙarfe na dukan ƙarfe. Mailafiya ya yanko sababbi daga tayar babbar mota, ya jera su ninki uku. Ya sauya fulogi, ya wanke kafireto, ya ƙara wa silo ɗan ƙarfi har injin ya daina tangaɗi. Hajo matar Garba kuwa ta ɗinka katifar auduga daidai kujerar baya.

A rana ta uku Mailafiya ya kunna mota ya ce Garba ya zauna a baya. Garba ya zauna. Injin na nan yana bugawa, ana jin sa, amma daga nesa, kamar daka a gidan maƙwabta.

"Kar ka ja ta da ƙaramin giya tana ihu," in ji Mailafiya. "Babban inji ba ya son gaggawa. Bar ta ta taka a hankali, nan ne take da daɗi."

Ranar Alhamis bayan sallar asuba suka kama hanya, Malam Yunus a kishingiɗe a baya, Hajo na gefensa da butar shayi. Da suka fara hawan dutse, hanya na lanƙwasa tana komowa, Garba ya sa giya na biyu ya bar ta. Motar ta riƙa hawa ba ta ko canza murya. Suka wuce wasu dogayen motoci uku masu walƙiya a gefen hanya, murfi a buɗe, tururi na tashi, direbobin na fifita da gefen rawani.

Can sama iska ta sauya. Garba ya leƙa madubi ya ga mahaifinsa ya saki kujera, yana kallon kwari ta taga.

"Baba, ƙugun fa?"

"Yana nan, amma ya yi shiru," in ji tsohon. "Hajo, zuba mini shayin nan. Kuma in akwai gurasa a jakar, ba ni."

Hajo ta dubi mijinta ta madubi, ta yi murmushi. Kwana goma ke nan tsohon bai nemi abinci da bakinsa ba.

Sun isa Ɗa'ifa kafin rana ta yi zafi. Garba ya tsaya wurin wani mai sayar da 'ya'yan itacen rumman, ya sayi kwando biyu, ɗaya na gidan da za su sauka, ɗaya ya tura ƙarƙashin kujera don Mailafiya.