Rabon Kowane Mutum

Inna tana wanke-wanke a bakin famfo Auta ya faɗo gidan, baki har kunne. Wai ya samo mai sayen shagon askinsa, da kujera da madubi da injinan duka, zai tsallaka ƙasar maƙwabta.

"A rediyo aka faɗa, Inna. In aka raba kuɗin shigar ƙasarsu, abin da kowane mutum zai samu ya ninka namu biyu."

Ta ɗauraye hannu ta dube shi. Shagon da ta sayar da keken ɗinkinta ta buɗe masa, shi ne wani mai surutu a rediyo zai cinye da baki!

"Ninkin namu, ka ce? Ashe mu ma muna da rabo a nan? To, ina naka?"

"Kai, Inna! Ai lissafi ne kawai, ba rabawa ake yi ba."

"Au! Na nan lissafi ne, na can kuma a bakin iyaka ake tsayawa da buhu ana miƙa wa baƙi? Sannu, ɗan gata. Je ka karɓo na nan tukuna, har da nawa da na marigayi babanka. Ranar da ka kawo, wallahi ni zan raka ka tasha."

Auta ya hau sosa ƙeya. Can sai ga sallamar mai sayen shago daga waje. Inna ta yafa mayafi ta leƙa.

"Bawan Allah, in aski ka zo, yanzu zai buɗe."