Askin Farin Alfaka

"Riƙe ƙafafun baya, Tiburcio, kai kullum kamar mai barci!" in ji Mama Teodosia ga mijinta, ta cusa wa farin alfakan tsohuwar hula har wuya.

Ba wanda ya yi mamaki. Ai haka ake wa alfaka mai tofi ranar aski, dabbar nan mai dogon wuya da ake kiwo don gashinta. Hular dai ta rufe kunnuwan, inda kowane gida ke ɗaura zarensa: na Teodosia ja, na maƙwabcinta Don Crisanto kore.

Wata uku ke nan wannan farin yana tsallako katangar dutse yana cinye ciyawar da ta shuka wa dabbobinta don lokacin fari. Duk sanda ta kai ƙara, Crisanto sai ya dafe ƙirji. "Nawa? Wanda na hana wa almakashi shekara uku saboda gasar dabbobi ta garin Macusani? Ko ƙofar garke ba ya leƙawa, Mama. Idonki ne ya tsufa."

To, yau da safe idon da ya tsufa ya hango shi tsakiyar garkenta yana tuƙa. Kuma yau ce gayyar askin dabbobinta. An zuba wa ƙasa giyar masara bisa al'ada, an raba ganyen koka na taunawa, maƙwabta sun cika gida. Ga Crisanto da almakashinsa, shi ne gwanin ƙauyen.

"Wa zai taɓa wannan?" in ji ta. "Gashin ya yi yawa, sai mai hannu."

"Kauce mini," in ji Crisanto.

Ya durƙusa ya fara daga ciki. Gashi yana zuba kamar auduga, shi kuma baki bai huta ba. "Ba laifi, Mama, amma bai kai nawa laushi ba. Ni ko a rufe mini ido, da na shafa na san dabbata."

"Allah Ya ba ka," in ji Teodosia, ta ƙara danne hular.

Da ya gama, ya miƙe yana karkaɗe wando. Ta zare hular a hankali. Koren zare ya bayyana, kunne biyu.

Matar Crisanto ta saki tsintsiya. Tiburcio ya kama tarin ƙarya ya juya baya.

"Zare ai zare ne," in ji Crisanto da ƙyar. "Kowa na iya ɗaura kore."

Ba ta yi musu ba. Ta ce a saki dabbar.

Alfakan ya tashi tsirara, wuya kamar muciya. Ya girgiza, ya nufi inda duwatsu biyu suka zube a katanga, ya tsallake, ya miƙe sak zuwa gidan Crisanto.

Teodosia ta naɗe gashin ta ɗora masa a hannu, ta miƙa masa kwanon romon dankali.

"Sha da zafi, maƙwabci. Duwatsun nan biyu ne kawai za ka mayar kan katanga, ba za su kai ka yamma ba."