Ƙudajen da Evaristo Ya Ɓoye a Hula

Rowa iri-iri ce. Akwai ta abinci, akwai ta kuɗi, waɗannan kowa ya san su. Wadda ta fi ba ni haushi ita ce rowar sani: mutum ya gano abu mai amfani, wanda ko ya nuna ba zai rage shi da komai ba, amma ya hau kansa ya zauna. Ita ce ta kama Evaristo Quilodrán, kuma a gaban idona aka yi, a kogin Aluminé.

Mu uku muke fita fatsa tun gashinmu yana baƙi: ni Froilán, da Evaristo, da Nicanor mai facin taya. Ni na riƙe ɗan Evaristo ranar baftisma, shi ya sa compadre muke kiran juna. A koginmu ba a sa wa ƙugiya tana. Gashin tsuntsu da zare ake ɗaura mata har ta yi kama da ƙuda, a jefa a kan ruwa, kifi ya taso ya cafke. Wanda duk ya dace da ƙudan da kifi ke so, yakan nuna wa 'yan'uwa. Haka muka taras, haka muke yi.

To, a kakar bara sai Evaristo ya haɗa wani ƙuda da kifi ya haukace a kansa. Mu muna jifa kafaɗa na ciwo, shi yana ta ja. Muka ce mu gani, ya ce ba komai ba ne, sa'a ce. In zai ɗaura sai ya juya mana baya. Da sanyi ya shigo, ƙanƙara ta rufe hanya, sai ya shige rumfar itacensa ya ja ƙofa, yana ta ɗaura irinsa. Ko matarsa, Doña Herminia, ba ta shiga.

Ana gobe za a buɗe kogi a fara fatsar bana muka taru a kicin ɗinsa. Ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke tsotsa da bututu, yana zagayawa, Doña Herminia tana suyar fanke. Nicanor ya dube shi ya ce, "To, mai sirri, ina za ka zuba dukiyar taka gobe? Falmaran za ka sa?"

Evaristo ya ce, "Falmaran? Ina tsakiyar ruwa ka zo ta baya ka zura min hannu a aljihu kamar na ubanka?"

Gaskiya ne, haka muke yi wa juna. Aljihun falmaran a wurinmu na duk wanda ya fi kusa ne.

Na ce, "Ka ɗaura jakar ƙugu, compadre."

"In kwance ta lokacin shan mate, in juya in zuba ruwan zafi, ku buɗe?"

"Jakar baya fa?"

"A bar ta a gaɓa? Da ku a kusa?"

Doña Herminia ta ce daga bakin murhu, "Ka haɗiye su kawai, tsoho, kowa ya huta."

Muka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya tsotsi mate har ƙoƙon ya yi ƙara, ya ce ya san inda zai sa.

Da safe sai ga shi da sandar fatsa kaɗai da wandon roba. Ba falmaran, ba jaka. Baƙar hularsa ta ulu ya jawo ta har kunne.

Nicanor ya zagaye shi yana shafa masa ƙirji. "Kai, yau kuma da addu'a za ka kama kifin?"

"Ka ji da naka. Dube ka, aljihu ko'ina kamar jakin ɗan koli."

Sai mun ratsa gonar wata tsohuwa kafin mu kai ruwa. Tana bakin ƙofa, ni da Nicanor muka ɗaga hula muka gaishe ta. Evaristo ya gyaɗa kai kawai ya wuce. Na ji kunya ƙwarai. Na ce masa, "Compadre, ba haka aka rene mu ba." Ya ce mura yake yi.

Ashe cikin hular ya jera ƙudajen, kowanne ya soke shi a jikin ulun, ya kifa a kansa. In zai canja sai ya shiga bayan itatuwan gaɓa kamar mai zagayawa. Nicanor yana ta ƙwala masa kira, "Cikin ne har yanzu? In kawo maka magani?" Amma dai kifi yana kamawa. Kafin rana ta take ya ja huɗu ya saki, mu ɗaya muke da shi tsakaninmu.

Bayan mun ci gurasa da tsiren alade sai iska ta taso daga duwatsu, irin wadda take tasowa kullum da rana ta karkata. Mai hankali yakan danne hularsa ko ya cusa ta a riga. Evaristo ba shi da halin cirewa. Ya shiga ruwa har ƙugu, a gurbin da ke ƙasan babban dutse, ya yi jifa.

Na ga kifin da idona. Ya taso a hankali, bayansa kamar cinyar mutum, ya ɗauke ƙudan ya nutse. Sanda ta lanƙwashe, zare ya fara kuka.

"Froilán! Compadre! Kawo raga!" Haka Evaristo ya ƙwala min kira.

Ina saukowa da ragar ke nan iska ta bugo. Ta shiga ƙarƙashin hular ta ɗaga gefe ɗaya. Mutumin da ke da kifin shekara a zare ya kamata ya bar hula ta tafi. Evaristo ya saki sanda ya kai wa kansa duka da hannu biyu.

Ihun da ya yi, karnukan tsohuwar sai da suka amsa daga gona. Ƙugiyoyin nan bai danne musu ƙaya ba tukuna, sai zai ɗaura a zaren sanda yake dannewa. Suka shige fatar kansa. Sandar kuwa muna kallo ta bi kifin, ta yi ƙasa da kogi, ta sha kwana.

Muka fito da shi muka zaunar a kan dutse. Hular ta ƙi fita. In an ja, fata ta biyo.

Ya ce, "Kada ku taɓa! Ku kai ni gida haka."

Na ce, "A bayan motar Nicanor, a wannan hanyar mai gargada? Kowane rami sai sun ƙara shiga. Zauna."

Na zaro wuƙata na yanka hular gunduwa-gunduwa. Nicanor ya ɗauko filaya. Ƙugiya mai ƙaya ba ta komawa baya, sai an tura ta gaba ta fito a datse bakin. Haka ya riƙa yi, kuma kowacce ya ciro sai ya ɗaga ta a rana ya juya.

"Yi sauri mana, ɗan banza!"

"Haƙuri, ɗan'uwa, idona ba kamar da ba, sai na duba da kyau. Froilán, zo ka gani. Gashin zomo ne a jiki. Wannan kuma wuyan zakara mai zane. To jan nan fa na wutsiya?"

Na karɓa na murza. Na ce, "Ulu ne. Irin na jan mayafin da Doña Herminia take zuwa coci da shi."

Nicanor ya faɗi zaune a kan tsakuwa yana dariya har da tari. Evaristo ya ce in mun gaya mata ba shi ba mu. Ba mu gaya mata ba. Da ta ga kansa, ta ga abin da muka zube a kan tebur, ita da kanta ta je ta buɗe akwati ta ɗaga mayafin. Gezar gefe guda babu.

Washegari aka kai shi asibitin gari, aka aske kan tas, aka shafa masa jan magani, aka yi masa allura. Kafin Lahadi Nicanor ya ɗaura ƙudan, ya raba wa duk wanda ya kawo taya faci.

Ga abin da Evaristo ya rasa sanadiyyar yini guda: ƙudaje ashirin da uku, aikin sanyi ɗungurungum, tara an datse, sauran sun bi iska da tsumman hula. Hular. Sandar fatsa da zarenta. Kifin da bai taɓa ganin irinsa ba. Gashin kansa. Kuɗin sabon mayafin da ya saya wa Doña Herminia. Da kuma ƙudan da yanzu kowa a Aluminé yake da shi a aljihu.